Yadda Ake Nemo Littattafan Tarihi a Zariya, a Tantance Su, a Karanta Su a Jere

Tambayar da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suka fi yi mini ita ce, da wane littafi mutum zai fara idan yana son sanin tarihin yaƙe-yaƙe da dauloli da fatauci da addini, a ina ake samunsa a Zariya, kuma nawa zai kashe. Yawancin masu tambayar sun riga sun sayi littafi biyu ko uku, sun karanta babin farko, sunayen sarakuna da shekaru sun yi musu yawa, sai suka ajiye. Littafi bai yi wuya a garin da Kamfanin Gaskiya yake tun 1945, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tun 1962, ba. Abin da ke kawo cikas shi ne saye kafin a san abin da ake nema, da kuma fara karatu da littafin da ya kamata a ƙare da shi. Ga matakan kamar yadda ya dace a bi su.

Mataki na 1: Tsayar da tambaya ɗaya

Kafin ka taka ƙafa zuwa kantin littattafai, ɗauki takarda ka rubuta tambaya ɗaya tak wadda kake son amsarta, kuma ta kasance tana da wuri da zamani. "Tarihin Musulunci" ko "tarihin Hausawa" sun yi faɗi, ba za su nuna maka littafin da za ka saya ba. Tambaya mai amfani ita ce irin wannan: yaya aka yi mulkin Zazzau ya fita daga hannun Sarki Makau ya koma hannun Malam Musa? Ko kuwa, ta wace hanya goro yake zuwa ƙasar Hausa daga Gwanja kafin jirgin ƙasa, kuma su wane ne fataken? Ko kuwa, me ya sa Kano ta faɗi a hannun Turawa a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta bi baya a watan Maris?

Gargaɗi: kada ka haɗa tambaya biyu a zangon karatu ɗaya. Ka ba kowace tambaya kamar wata uku, sa'an nan ka wuce zuwa ta gaba.

Mataki na 2: Rubuta jerin littattafai hawa uku

Kowace tambaya tana bukatar littafi uku, kuma jerin da za a karanta su shi ne ginshiƙin wannan aiki gaba ɗaya. Hawa na farko shi ne littafi mai sauƙi wanda yake ba da labarin daga farko zuwa ƙarshe, in so samu ne da Hausa. Hawa na biyu shi ne littafin mai bincike, wanda yake nuna inda ya samo kowace magana. Hawa na uku shi ne rubutun wanda ya ga zamanin da idonsa.

Ga mai tambayar jihadi da kafuwar Daular Sakkwato, Tarihin Fulani na Waziri Junaidu ya isa hawa na farko. A hawa na biyu sai The Sokoto Caliphate na Murray Last, wanda ya fito a 1967. A hawa na uku akwai Infakul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, dukansu an rubuta su da Larabci Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana raye, kuma an fassara su. Idan Zazzau ce kaɗai a gabanka, ka sa Government in Zazzau na M. G. Smith, bugun 1960, a hawa na biyu, domin shi ya zauna ya warware yadda sarauta take zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Littafi ne mai nauyin Turanci, ba na farawa ba ne, kuma mutane da yawa a kansa suka yanke ƙauna saboda da shi suka buɗe karatu.

Ga mai tambayar fatauci, maɗaba'ar jami'ar nan ta Samaru ta buga littafi biyu da babu makawa sai an bi ta kansu: The Hausa Factor in West African History na Mahdi Adamu a 1978, da Caravans of Kola na Paul Lovejoy a 1980, wanda ya bi ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari tun daga zangon farko har kasuwar Salaga. Labarin tafiyar Barth, Bajamushen da ya zagaya ƙasashen nan tsakanin 1850 da 1855, shi zai zauna a hawa na uku, saboda bayaninsa a kan kasuwar Kano.

Ga mai neman sira da tarihin halifofi, tsarin bai canja ba: a fara da taƙaitaccen littafin sira na Hausa, a bi da Arrahiƙul Makhtum, kafin a kusanci manyan kundaye irin Albidaya wan Nihaya na Ibnu Kasir.

Gargaɗi: manyan kundayen tarihin Musulunci sun tattaro ruwayoyi masu ƙarfi da masu rauni wuri guda, musamman a babin fitinun da suka auku bayan halifancin Sayyidina Usmanu. Irin waɗannan babobi a gaban malami ake karanta su, kuma Zariya ba ta rasa zaurukan da ake yin haka ba.

Mataki na 3: Duba a laburare kafin ka saya

Wannan mataki shi ne mafi araha, kuma shi aka fi tsallakewa. Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru shi ne wurin farko, sai laburaren harabar Kongo ga abin da ya shafi mulki da shari'a. Idan kai ba ɗalibi ba ne, ka tafi da katin shaida da takardar gabatarwa daga makarantarka ko wurin aikinka, ka tambayi ma'aikacin da ke bakin ƙofa ƙa'idar mai karatu na waje, kada ka ɗauka za a ba ka aro zuwa gida. Ka rubuta sunan marubuci da sunan littafi da shekarar bugu daidai tun daga gida, domin ma'aikacin laburare ba zai iya nemo maka "littafin nan na Baturen da ya yi rubutu a kan Zazzau" ba.

Abin da za ka yi a ciki bai wuce na awa ɗaya ba ga kowane littafi. Karanta jerin babobi, karanta gabatarwa, buɗe fihirisar da ke ƙarshe ka nemi suna ɗaya da ya shafi tambayarka, misali Makau ko Kwasau ko Burmi, ka duba shafuka nawa aka ba shi. Idan shafi biyu ne kacal a cikin ɗari huɗu, ka karanta su nan take, kuɗinka ya huta.

Abin da ba a samu a Samaru ba, sai Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80. Gidan Arewa, wanda reshe ne na jami'ar, yana da littattafai da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa kuma yana riƙe da rahotannin Razdan da Di'o. Gargaɗi: kada ka je Kaduna sai ka gama hawa na farko da na biyu, in ba haka ba za ka biya kuɗin mota ka zauna gaban fayil ba ka san abin da kake nema a ciki ba.

Mataki na 4: Zagayen kasuwa da ciniki

Littattafai a Zariya sun rabu gida-gida. Na jami'a da na masu bincike a Samaru ake nemansu, a kantin jami'a da maɗaba'arta da shagunan da ke fuskantar babbar ƙofa. Littattafan Hausa na tsohon bugu, irin waɗanda suka fito daga Hukumar Talifi da kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, a Tudun Wada da Sabon Gari aka fi dacewa da su. Na Larabci da fassarorinsu kuwa sai wajen masu shimfiɗa a bakin masallatan Juma'a da shagunan cikin Birni. Na gwanjo, waɗanda ɗaliban da suka gama karatu suke sayarwa, sun fi fitowa a ƙarshen zangon karatu, kuma a nan ake yin dace da tsofaffin bugu waɗanda ba a sake bugawa ba.

Farashi yana tafiya da tsadar takarda da canjin dala, saboda haka abin da za a riƙe shi ne yadda yake hawa. Ƙaramin littafin Hausa bugun gida shi ne mafi sauƙi. Bugun jami'a na cikin gida yana bi masa. Littafin da aka shigo da shi daga Ingila ko Amurka, ko kundin Larabci mai mujalladai da yawa bugun Masar ko Bairut, yana iya cinye kuɗin littattafan gida biyar ko fiye. Ka tambayi farashi a shago uku kafin ka ciro kuɗi. Idan, alal misali, kana iya ware naira 6,000 a wata, ka sa 4,000 a littafi, ka bar 2,000 domin kuɗin mota da kwafi da littafin rubutu, watan da littafin da kake nema ya fi ƙarfin kason kuma ka tara zuwa wata na gaba, kada ka sayi wani dabam don kawai kada ka koma gida hannu rabbana.

Ka saba da mai shago ɗaya, ka bar masa jerin abin da kake nema da lambar wayarka, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma su suka san wanda yake da ragowar tsohon bugu a sito a Kano ko Ibadan. Gargaɗi: kada ka ba da cikakken kuɗi kafin littafi ya iso. Kafin alƙalami kaɗan ya wadatar.

Mataki na 5: Tantance littafi a hannun mai sayarwa

Kada ka karɓi littafi a naɗe cikin leda ka wuce. Ka ce, "Malam, a buɗe mini in duba," mai gaskiya ba zai ƙi ba. Fara da bayan shafin suna, inda ake rubuta maɗaba'a da shekara da bugu na nawa ne. Sai ka riƙe littafin ta ƙeya, ka saki shafukan da babban yatsa a hankali kana kallon lambobinsu, domin bugun sata yakan tsallake shafi goma sha shida a lokaci guda, ko ya maimaita su, tunda a haka ake naɗe takardar maɗaba'a. Duba taswira: idan sunayen garuruwa sun dusashe har ba ka iya raba Alƙalawa da Argungu, littafin yaƙi ya rasa rabin amfaninsa. Buɗe shi ta tsakiya ka duba ko ɗinki ne ko gam kaɗai aka shafa, domin na gam da zarar hunturu ya busar da shi sai shafuka su fara zubewa. Daga ƙarshe ka tabbata fihirisa da jerin manazarta suna nan, saboda su masu bugun sata suka fi yankewa don rage takarda.

Idan kundi ne mai mujalladai, ka ƙirga su a gaban mai shago, ka duba cewa duk bugu ɗaya ne. Haɗa mujalladi na uku na wata maɗaba'a da na huɗu na wata yana barin giɓi a tsakani.

Gargaɗi: akwai ƙananan littattafai masu bango mai ɗaukar ido, takobi da doki da wuta, waɗanda ba su da sunan maɗaba'a, ba su faɗi inda suka samo labari ba, wani lokaci ma sunan marubucin laƙabi ne kawai. A ganina ko kyauta aka ba ka irin wannan, kada ka sa shi a hawa na farko, domin abin da mutum ya fara karantawa shi yake zauna masa a ka.

Mataki na 6: Kwafi da littafin waya

Tsohon littafin da ya ɓace a kasuwa, ko babi ɗaya da kake bukata, ana iya yin fotokwafinsa idan laburare ya yarda. Lissafinsa mai sauƙi ne: littafi madaidaici idan aka buɗe shi aka kifa, shafi biyu suke hawa fuska ɗaya ta takarda, saboda haka shafi 300 bugu 150 ne, idan gaba da baya aka yi kuma takarda 75, sai ka ƙara kuɗin ɗinki da bango. Ka yi wannan lissafi kafin a kunna inji, domin sau da yawa jimlar takan kai kuɗin na gwanjo. Ka sa a haɗa da shafin suna da na shekarar bugu. Littafin da marubucinsa yake raye kuma yana kan kanta a shago, saye ya kamata a yi, kwafe shi ɗungurungum cin haƙƙi ne.

Littattafan matafiya na ƙarni na 19, irin na Barth da na Clapperton, wanda ya ratsa Zariya a 1826, suna nan kyauta a rumbun Internet Archive. Ka sauke su inda intanet yake da ƙarfi, domin hoton shafuka ne, suna cin data. Gargaɗi: fayilolin da ake turawa a WhatsApp da Telegram sukan zo babu shafin farko, ko an liƙa wa littafi sunan wani marubuci, saboda haka kada ka kafa hujja da fayil ɗin da ba ka ga shafin sunansa ba.

Mataki na 7: Tanadi kayan karatu

Abu huɗu ne: littafin rubutu mai kauri, fensir, taswira, da doguwar takarda ta jadawalin shekaru. Taswirar ka zana ta da hannunka, ka sa koguna tukuna, Kwara da Binuwai da Rima da Kaduna, sa'an nan garuruwa. A jadawalin kuma ka kafa turaku kaɗan waɗanda babu jayayya a kansu: hijirar Shehu zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, faɗuwar Alƙalawa a 1808, rasuwar Shehu a 1817, rasuwar Muhammadu Bello a 1837, shigar Turawa Zariya a 1902, yaƙin Burmi a 1903, tawayen Satiru a 1906. Duk abin da ka karanta daga baya sai ka rataye shi tsakanin waɗannan.

Littattafan malamanmu da shekarar Hijira suke lissafi, saboda haka ka koyi juyawa. Raba shekarar Hijira da 33, cire abin da ka samu daga shekarar, ka ƙara 622. Shehu ya rasu a 1232: idan aka raba da 33 za a sami 37, a cire ya rage 1195, a ƙara 622 ya zama 1817. Gargaɗi: wannan lissafi yana iya kuskure da shekara ɗaya, domin shekarar Hijira takan ratsa shekarun Miladiyya biyu. Hijirar Gudu a Zulƙida ta 1218 aka yi ta, rabon ya kusa 37, don haka lissafin zai ba ka 1803, alhali watan ya faɗo a Fabrairun 1804.

Mataki na 8: Karatun kansa

Littafin hawa na farko ka karanta shi a guje, babi ɗaya a zama, ba tare da tsayawa haddace suna ba. Idan ka gama babi, ka rufe littafin ka rubuta abin da ya faru cikin jimla biyar da bakinka. Littafin hawa na biyu shi ake bi a hankali da fensir, ana leƙa bayanan ƙasan shafi. Na hawa na uku kuwa ba lalle ne a karanta shi duka ba, sai wuraren da mai binciken ya yi nuni da su.

A shafin farko na littafin rubutunka, ga kowane littafi, ka amsa tambaya uku: wane ne marubucin, a wane zamani ya rubuta, kuma wa yake so ya gamsar? Muhammadu Bello jagoran yaƙi ne yake ba da labarin yaƙin da ya yi, amma a cikin Infakul Maisuri ya kawo wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Alkanemi na Barno, wanda ya ƙalubalanci hujjar yaƙar Barno, don haka mai karatu yana jin ɓangare biyu a littafi ɗaya. Rahotannin Gwamna Lugga da jami'ansa an rubuta su ne domin gwamnatin Ingila ta yarda cewa mamayar ta zama dole, shi ya sa suke cika bayanin zaluncin sarakuna da cinikin bayi, su taƙaita na garuruwan da sojojinsu suka ƙona. Wannan bai sa a jefar da su ba, akwai ranaku da adadi a cikinsu da ba a samu a wani wuri, sai dai a karanta su tare da aikin Mahmud Modibbo Tukur a kan mamayar, wanda ya bi takardun Turawan ɗaya bayan ɗaya yana tuhumarsu. Tarihin Zazzau ma haka yake: labarin fitar Makau yana da fuska ɗaya a Zariya, yana da wata a wajen danginsa da suka kafa Abuja ta farko, wadda ake kira Suleja yanzu, kuma su ma sun rubuta nasu.

Za ka tarar da saɓani, kuma kada ya firgita ka. Jerin sarakunan da aka saba gani yana fara sarautar Malam Musa daga 1804, wasu masu bincike kuwa sun kai shigarsa Zariya ƙarshen 1808. Tarihin sarakunan Kano ya sa Sarauniya Amina a zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15, wasu ruwayoyin kuma suna cewa 'yar Bakwa Turunku ce a ƙarni na 16. Abin yi shi ne ka raba shafi biyu, ka rubuta kowace magana da sunan mai ita da lambar shafi, sa'an nan ka duba wanda ya fi kusa da zamanin da kuma wanda ya faɗi madogararsa. Adadin mayaƙa da na waɗanda aka kashe shi ya fi kowane abu bukatar taka-tsantsan, domin mai nasara yakan ƙara yawan abokan gaba.

Kada karatunka ya tsaya a kan sarakuna da barade. Baba of Karo, labarin wata tsohuwa da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau wajen 1950, yana nuna yadda harin bayi da fansa da zuwan Turawa suka kasance ga matan da ke cikin gida, abin da littattafan yaƙi ba su damu da shi ba.

Gargaɗi: kada ka ɗauki hoton shafi ɗaya ka watsa a matsayin hujjar zagin wata ƙabila ko wani gidan sarauta ko wata ɗariƙa. Jikokin mutanen da ke cikin littattafan nan maƙwabtanka ne a Kwarbai da Tudun Wada.

Mataki na 9: Je ka gani

Bayan littafi na biyu, ka ware safiya ɗaya ka bi abin da ya rage na ganuwa daga Ƙofar Doka, ka je wurin masallacin Juma'a na ƙofar fada wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda wani sashensa ya rufta a 2023, ka kuma je gindin dutsen Kufena. Wanda ya ga faɗin ganuwa da idonsa ya fi gane dalilin da ya sa yaƙin wancan zamani yake zama na kewaye gari da yanke masa abinci. Idan za ka tambayi dattijo, ka je ta hannun wanda ya san shi, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka kuma rubuta ranar da wurin.

Mataki na 10: Adanawa da bayar da aro

Maƙiyan littafi a Zariya su ne gara da laimar damina da ƙurar hunturu. Kada ka ajiye kwali a ƙasa, kada kanta ta jingina da bangon da yake tsatsafo. Ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka duba bayanta duk wata ko gara ta fara gini. Littafi a tsaye ake jera shi, manya masu nauyi kuwa a kwance. Idan a adaka za ka ajiye, ka sa ƙwayar kafur a kusurwa, ka riƙa buɗewa tana shan iska a ranar da babu hadari. Leda tana tare ƙura da rani, amma da damina tana riƙe laima har takarda ta yi fumfuna, saboda haka a cire ta idan ruwa ya sauka. Littafin da ya jiƙe a inuwa ake shanya shi a buɗe, a sa farar takarda tsakanin shafuka, rana tana murɗe shi. Wanda ya yage kuma kada a manna masa salatif, domin yakan bar tabo ya ci rubutu. A kai wa masu ɗinkin littafi a Samaru ko Sabon Gari su ɗinke shi da zare.

Aro kuwa sai da rajista. Ka ware shafin ƙarshe na littafin rubutunka, ka rubuta sunan mai aro da sunan littafi da ranar da ya karɓa da ranar da zai dawo da shi, a gabansa, ko da ɗan'uwanka ne. Mujalladi ɗaya daga cikin kundi ba a ba da shi aro, haka ma tsohon bugun da ba ya kasuwa. Mai son su ya zo zaure ya karanta, ko a yi masa kwafin babin da yake bukata da kuɗinsa.